Yadda za ka zaga igwoyin yaƙin duniya da ke bakin tekun Faransa

In Allah ya kai ka Faransa kuma kana son ganin ragowar yaƙin duniya na biyu da idonka, to ka nufi Normandi. Tun 1942 Hitla, shugaban Jamus da ta mamaye Faransa a lokacin, ya sa aka fara jera gine-ginen kankare da manyan igwoyi a gaɓar teku daga Norwe har iyakar Sifen, wai don kada sojojin ƙawance, wato na Ingila da Amurka da abokansu, su sauko ta teku. Da yawansu suna nan har yau, don rushe su ma aiki ne babba.

Ka hau jirgin ƙasa daga tashar Saint-Lazare a Paris zuwa Bayeux, tafiyar awa biyu da ɗan wani abu. Daga nan gara ka yi hayar mota ko keke, motar haya ba ta cika zuwa wuraren ba.

Fara da Longues-sur-Mer, kusan kilomita 8 daga Bayeux, shiga kyauta ne. A nan ne za ka ga igwoyi masu bakin milimita 150 a cikin ɗakunansu na kankare guda huɗu, wasu har yanzu bakinsu na kallon teku. Amma shawarata kada ka tsaya ɗaukar hoto a gindinsu tukuna, wuce gaba kamar mita 300 zuwa bakin dutse inda ɗakin masu hango jiragen ruwa yake. Nan ne sirrin wajen. Masu harbin ba su ne ke auna jirgi ba, na gaba ne ke hangowa su lissafa nisa sannan su kira ta waya su faɗa, to da jiragen sama suka yi ruwan bama-bamai suka lalata wayoyin sai aiki ya cakuɗe, ranar 6 ga Yuni 1944, ranar da sojojin ƙawance suka sauka a Normandi, igwoyin suka yi ta musayar wuta da jiragen ruwan ƙawance, washegari sojojin Jamus ɗin suka miƙa wuya ga Turawan Ingila. In ka tsaya a ɗakin ka waiwaya baya sai ka gane komai.

Sai Pointe du Hoc, shi ma kyauta. A ranar 6 ga Yunin nan sojojin Amurka 225 ne aka tura su hau dutse mai tsawon mita 30 da igiya da tsani ana harbinsu, da suka kai sama sai suka tarar babu igwoyin, an janye su an ajiye gungumen itace a madadinsu. Daga baya suka gano su a ɓoye can cikin gona suka lalata. Ramukan bam suna nan birjik.

In da sauran lokaci ka haura arewa wajen Calais ka ga Batterie Todt, igwoyinta na milimita 380 har Dover ta Ingila suke jefa harsashi, yanzu gidan tarihi ne, shi kam ana biyan kuɗi.

Ka sa takalmi mai ƙarfi ka riƙe tocila, cikin ɗakunan akwai duhu da ruwa da ƙarafa masu tsatsa, rufin kuma gajere ne, a kula da kai. Rigar sanyi dole ce ko da rani. Kada ka tsallake shinge don bakin dutsen na zaizayewa, kuma duk wani ƙarfe da ka gani a ƙasa ka bar shi, har yanzu ana tono bama-baman da ba su fashe ba. Makon farko na Yuni kuwa cunkoso ake yi saboda bikin tunawa da saukar sojojin ƙawance, gara ka je a Mayu ko Satumba da sassafe.