Kada ku zubar da saƙar zuma bayan kun tace

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu amya da masu sayen zuma da saƙarta, wannan taku ce. Abin da ya rage bayan tacewa shi ne kakin zuma, kuma kyandir ake yi da shi, wanda ya fi na kanti daɗewa, ga ƙamshi. Kafin a fara yin kyandir da kakin man fetur a wajen shekarun 1850, a Turai coci da attajirai ne ke ƙona na zuma, talaka sai na kitse mai ƙauri. Mu nan kuwa aci-balbal ce da man gyaɗa, kafin fitilar ƙwai ta zo da kananzir.

Ku zuba saƙar a ruwa ku ɗora a wuta kaɗan. Kakin na narkewa tun wajen digiri 63, ba sai ruwa ya yi ta tafasa ba. Ku tace da tsohon yadi mai tsabta, ku bari ya kwana. Da safe za ku same shi ya daskare a sama kamar faifai, sai ku kankare dattin da ke ƙasansa. Tukunyar ƙarfe mai tsatsa tana baƙanta shi, ku guje ta.

In za ku sake narkarwa, ku sa kakin a gwangwani a cikin tukunyar ruwan zafi, ba kan garwashi kai tsaye ba. Idan ya kama da wuta, a rufe da murfi, kada a watsa ruwa.

Inda akasari ake kuskure shi ne lagwani. Kakin zuma na son zaren auduga mai kauri, a yi masa kitso, a tsoma a kakin ya sha kafin a tsayar da shi tsakiyar gwangwanin da za a zuba narkakken kakin a ciki. Siriri zai haƙa rami ne kawai ya mutu.