Idan famfon ɗumama gida ya ƙi aiki

A shekarata ta biyu a Bradford, wata Asabar cikin Nuwamba, na kunna ɗumin gida karo na farko tun wucewar bazara. Boila ta kama, ta yi 'yan mintuna, ta mutu. Radiyetocin sama, wato ƙarafan bango masu ɗumama ɗaki, suka ɗan yi ɗumi, na falo kuwa sanyi ƙalau. Yarana biyu da rigunan sanyi suka kwana. Laifin na famfon da ke tura ruwan zafi ne, kuma gyaran bai ci minti goma ba, shi ya sa nake son 'yan'uwa sababbin zuwa Ingila su san shi.

Boila dafa ruwa kawai take yi. Wani ƙaramin famfon lantarki ne ke tura ruwan cikin bututu ya zagaya ɗakuna. A gidan da ke da tankin ruwan zafi, galibi yana kusa da tankin. Nawa ja ne, ƙirar Grundfos. Na Wilo kore ne.

Fara da mai sauƙi. Ƙara ma'aunin zafi na bango, ka duba fiyus ɗin makunnin boila, mai amfiya 3 ne. In boilarka tana da agogon matsin ruwa, allurar ta tsaya tsakanin 1 da 1.5 idan ruwan ya huce.

Sai ka ɗora hannu a jikin famfon a hankali, don yana iya ƙuna, ka kasa kunne. Mai lafiya yana ɗan rawa ƙasa-ƙasa. In ka ji shi sanyi kuma shiru, wuta ba ta zuwa ko ya ƙone. In yana ƙugi kamar cikin mai jin yunwa, iska ce ta shiga. Nawa zafi ya yi zau, yana gunji, amma bututun da ke gabansa sanyi. Wato ya cije: ya yi wata biyar a zaune, datti ya riƙe sandar da ke juyawa a ciki.

Kashe wutar boila daga makunni, ka bar ruwan ya huce sosai. Kada ka yi gaggawa a nan, ruwan yana iya sale fata. Rufe bawul biyun da ke sama da ƙasan famfon, ka tara roba da tsumma, ka kare akwatin wayoyinsa kada ya jiƙe. A tsakiyar fuskarsa akwai wani farin noti mai faɗi kamar kwabo. Kwance shi da babbar sukudireba. Ruwa kaɗan zai ɗiga. Leƙa ramin, za ka ga kan sandar da 'yar tsaga. Sa ƙaramar sukudireba ka murɗa. Nawa ya ƙi da farko, sai na ji ya yi ƙas, ya saki, ya shiga juyawa sumul. Mayar da notin, buɗe bawul, kunna wuta. Kafin rabin awa falonmu ya ɗauki ɗumi.

In iska ce, sassauta notin kawai za ka yi, bawul a buɗe, wuta a kashe, har hucin ya ƙare ruwa ya biyo.

Ka lura da launin ruwan. Nawa baƙi ne wuluk, tsatsar radiyeta ce ta zama laka, ita ke kashe famfo. Daga baya na kira mai gyara ya wanke bututun, ya zuba maganin tsatsa, ya ɗaura matata mai maganaɗisu.

Akwai inda hannunka zai tsaya, kuma don Allah a kiyaye. In boilarka irin wadda ba ta da tanki ce, famfon yana cikin akwatinta, kada ka buɗe. Aikin mai rajistar Gas Safe ne, wato rajistar masu izinin aikin gas, tsarin da ake bi tun 2009. Nemi katinsa ka gani kafin ya taɓa komai. Sababbin famfuna da yawa ba su da wannan notin, kada ka tilasta musu. Wanda ke yoyo ko yana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, sauyi yake so. In haya kake, dokar haya ta 1985 ta ɗora gyaran ɗumin gida a kan mai gidan, ka rubuta masa a ranar.

Ni yanzu ko a Yuli nakan kunna ɗumin na minti goma sau ɗaya a wata, tagogi a buɗe. Tun daga nan famfon bai sake cijewa ba.