Yadda za ka gwada sabuwar motar iyali kafin ka biya kuɗi

Shekara ashirin da ɗoriya ina jan mota tsakanin Garwa da Ngaundere a Kamaru, shi ya sa da ƙanena ya tashi sayen sabuwar mota matsakaiciya mai kujera biyar, ni ya miƙa wa makulli, ya ce, "Yaya, hau ka ji mini ita." Abin da na yi ran nan shi zan gaya maka.

Kada ka yarda da gwajin safe. Da sanyin safiya kowace mota amarya ce. Ka je da azahar, bayan ta sha rana a waje, domin a Garwa zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40. Ka shiga, ka kunna na'urar sanyi, wadda mu nan muke ce wa kilim, ka duba agogo. In an yi minti biyar na kujerar baya suna fifita, to ka san abin da ke jiranka. Ka leƙa ko akwai ƙofar iska ta baya, don yara can suke zama.

Kuma kada ka tafi kai kaɗai. Ni manya uku na zuba a baya, na sa buhun shinkafa biyu a but. Dillalin ya ɓata rai, ban kula shi ba. Motar iyali ba ta tafiya wayam; ranar biki har da goggo da kwanukanta. Da nauyi ne za ka ga ko gindinta ya zauna, ko cikinta na gogar tudun rage gudu, ko shokozoba na dukan ƙarfe in ta faɗa rami.

Kafin ka motsa, ka daidaita kujera da madubai, ka ɗaura bel. Ka kashe rediyo, kunne ma direba ne. Ni na haye gadar Binuwai na dawo, sannan na kama hanyar Pitowa. Inda kwalta ta miƙe ba kowa, ka sassauta riƙon sitiyari ka ji ko tana ja gefe ɗaya. Ka taka birki kana gudun kilomita 60 a awa: ya kamata ta tsaya sak, ba kakkarwa. Daga nan ka sauka kan burji mai gargada, ka rufe gilasai, ka ga ko ƙura na shigowa.

Sababbin nan da yawa otomatik ne masu giyar CVT, wato giyar da ba ta canzawa hawa-hawa. In ka danna totur, inji zai ɗaga murya ya tsaya a wuri ɗaya, gudun kuma ya biyo baya a hankali. Ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera ta. Ni dai ban so ba, na saba da kuloci. Ka nemi hawa ka gwada ta da lodin nan, ka tuna hawan dutsen da ke kafin Ngaundere, inda manyan motoci ke rarrafe.

Da ka dawo, ka ɗaga shimfiɗar but. Akwai masu zuwa da siririyar safaya da ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita, wadda ba zan yarda da ita a hanyar Marwa zuwa Kusiri ba. Ka tambayi inda ake samun filta da takalmin birki, da kuɗinsu a sefa. Ka kuma tambayi ko garanti zai tsaya in man zuwa-zuwa na bakin titi ya ɓata injin, a rubuta maka amsar a takarda.