Darasi na Tara: Ƙwayoyin Hanji da Ciwon Kumburin Hanji

A cikin hanjin kowane mai lafiya akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani sai da madubin likita. Masana sun ƙiyasta cewa jikin baligi yana ɗauke da bakteriya kimanin tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji suke zaune. Galibinsu masu amfani ne. Abin da cikinmu ya kasa narkarwa, kamar ɓawon wake da dusar gero da zaren ganye, su ne ke cinye shi, su fitar da wani sinadari mai suna butiret. Da shi fatar cikin babban hanji take samun ƙarfi, kuma yana taimakawa wajen kwantar da garkuwar jiki.

Tsakanin waɗannan ƙwayoyi da naman hanji akwai majina mai kauri da wata siririyar fata. A bayansu sojojin garkuwar jiki ne jibge, kamar 'yan sintiri a bayan ganuwa. Tun mutum yana jariri suke koyon bambance maƙwabci da ɓarawo: mai cutarwa su far masa, na gida su ƙyale shi.

A jikin wasu mutane wannan zaman lafiya yakan wargaje. Majinar ta yi rauni, ƙwayoyi su matso kusa da nama, garkuwar jiki ta tashi faɗa, ta kuma ƙi tsayawa. Hanjin ne ke shan wahala: ya kumbura, ya yi gyambo, ya riƙa zubar da jini. Kumburin kuma yana rage ƙwayoyin da ke yin butiret, ya buɗe wa masu fitina hanya, sai abu ya ƙara dagulewa. Gado yana da hannu a ciki. A shekarar 2001 aka gano cewa tangarɗa a wata ƙwayar gado mai suna NOD2, wadda ke taimaka wa jiki gane bakteriya, tana ƙara haɗarin kamuwa. Amma gado shi kaɗai ba ya kawo ciwon.

Wannan ciwon kumburin hanji iri biyu ne manya. Akwai ciwon Crohn, wanda likita Burrill Crohn da abokan aikinsa suka bayyana a Amurka a 1932. Yana iya taɓa ko'ina daga baki zuwa dubura, an fi ganinsa a ƙarshen ƙaramin hanji. Na biyun yana tsayawa a babban hanji da dubura kawai. Dukansu ba a ɗaukarsu daga wani, don haka babu dalilin ware wa mai ciwon kwano ko a guje shi.

Inda ya kamata mu buɗe kunne sosai shi ne nan. A wajenmu, da an ga jini a bahaya sai a ce atini ne ko basir, a ruga kemis a sayo Flagyl ko kafso. Sau da yawa atinin ne kuwa. To amma idan gudawa da jini ko majina ta ɗauki makonni, ta lafa ta dawo, ga murɗar ciki, ga rama har wando yana zamewa daga ƙugu, ga kasala, ana tashi cikin dare ana zarya banɗaki, to magana ta wuce kemis. Shan maganin kashe ƙwayoyi barkatai yana hallaka har da masu amfani. Haka kuma atini da tarin fuka na hanji suna kama da wannan ciwo ƙwarai, alhali maganinsu daban. Maganin da ke danne garkuwar jiki, irin su prednisolone, yana iya jefa mai atini ko tarin fuka cikin haɗari. Shi ya sa likita ke fara gwada bahaya da jini, wani lokaci ya leƙa hanjin da siririyar kyamara, kafin ya yanke hukunci.

Ciwon na tsawon rai ne, amma magani yana kwantar da shi mutum ya koma gonarsa ko kasuwarsa. Kada a daina shan magani don an ji sauƙi. Mai Crohn ya bar taba, don tana tsananta shi. Ibuprofen da diclofenac suna iya tayar da ciwon, a tambayi likita kafin a sha. Idan ciki ya lafa, wake da miyar kuka da zogale suna ciyar da ƙwayoyi masu amfani. Idan ya tashi, abinci mai laushi da ruwan gishiri da sukari sun fi, musamman ga wanda hanjinsa ya tsuke.

Aikin aji: kowa ya rubuta abin da zai gaya wa likita idan ɗan uwansa ne ba lafiya. Yaushe gudawar ta fara, sau nawa a rana, da jini ko babu, kuma wane magani aka riga aka sha.