Yadda ake kauce wa musanya allura wajen yi wa mai haihuwa allurar baya

Wannan na 'yan uwana ne masu kashe jiki a ɗakin tiyata, musamman masu aikin dare. Kwalbar bupivacaine, maganin kashe jiki da muke sawa a gadon baya, da ta tranexamic acid mai tsayar da jini, wallahi wasu kamfanonin kamar tagwaye suke yin su, kuma duk biyun ana nemansu a tiyatar haihuwa. In aka kuskura ta tsayar da jinin ta shiga ruwan laka, jiki ba zai mutu ba, sai ciwon baya mai tsanani, sai jijjiga, zuciya ta rikice, mata da yawa an rasa su ta haka, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a 2022.

Abu na farko, raba musu wuri. Tranexamic acid kada ta kwana a dirowa ɗaya da bupivacaine, kada kuma ta hau tiren da ka shirya, a bar ta cikin kwalinta sai an kira ta.

Na biyu shi ne inda ake faɗawa cikin kuskuren. Ka sa safar hannu, mai ciki tana zaune ta sunkuya tana nishi, likita na jira, nas ta fasa kwalba ta miƙo maka, to kada ka zuƙa tukuna. Ce mata ta juyo da rubutun, ka karanta suna da ƙarfi ita ma ta maimaita, ku duba ranar lalacewa. Launi da girman kwalba ba shaida ba ne, ido mai gajiya abin da ya saba gani shi yake gani, ƙwararre ma yana faɗawa, shi ya sa ban yarda da "ai na san ta" ba ko daga bakin wa ya fito.

Sannan kada a jefar da kwalbar sai an gama aiki, sauran sirinji kuwa a manna musu suna da zarar an zuƙa.

In an yi allurar, minti ya ja ƙafa ba ta yi nauyi ba, kafin ka ce a ƙara wata ɗauko kwalbar nan ka sake karantawa. In tranexamic acid ce, nemi taimako nan take, sa iskar oksijin, tsayar da jijjigar, a shirya ɗakin kulawa ta musamman. Ko a hannu aka kama kuskuren kafin ya kai ga mara lafiya a rubuta rahoto, kuma don Allah manya a daina yi wa wanda ya kawo rahoton tsawa, a je a gyara dirowar ranar.