Yadda zaka fara rubuta labarin rayuwarka

Kakata ta rasu da labarai cike da bakinta, a unguwar Birni ta Damagaram aka haife ta kusa da fada, kuma duk hirar da take mana da dare kan tabarma ba wanda ya rubuta ko layi ɗaya, har yau abin na ci min rai wallahi. Shi yasa duk wanda ya ce min yana son rubuta abin da ya gani a duniya nake ce masa ya sayi kaye da bik yau ɗin nan, ko ya buɗe wayarsa ya fara.

Amma kar ka fara da "an haife ni shekara kaza a unguwa kaza", in ka bi ta nan kafin ka kai shiga lakwal ka gaji ka aje. Rana ɗaya zaka ɗauka. Ni ranar layin ruwa na ɗauka, duk ɗan Damagaram ya san wannan wahala, lokacin zafi ne, inna ta tashe ni tun kafin kiran assalatu, bido biyu masu ruwan ɗorawa a hannuna, na je na tarar da bidoji sun yi layi har kwanar hanya, kowa ya ɗaura wa nasa tsumma don ya gane shi, famfo na ta huci ba ruwa, sai da rana ta take muka samu rabin bido ɗaya, na dawo na tarar inna ta dafa shayin baba da ruwan da ta ɓoye a randa tun jiya. Kaga ban ce "mun sha wuya" ba, tsumman nan da randar nan sun faɗa. Haka zaka yi, me idonka ya gani, wane wari ka ji, wa ya yi magana kuma me ya ce da bakinsa. In ka manta kalmar kar ka ƙirƙiro masa.

Sai zancen shekaru. Tsofaffinmu ba sa ƙirga da lamba, zasu ce maka zamanin shugaban ƙasa Kunce, wato tsakanin 1974 da 1987, ko shekarar El Buhari, yunwar 1984 kenan, ko lokacin da aka karya darajar sefa a 1994. Ka rubuta yadda suka faɗa ɗin sannan ka sa lambar a gefe. In zaka tambaye su kar ka je da takarda kamar ɗan jarida, ka zauna bayan la'asar ka ce "Baba, ya Kasuwar Dole take lokacin kuna samari?", ka nemi izini ka kunna rikoda a waya, ka yi shiru.

Abin da ya fi wuya shi ne labarinka ba naka kaɗai bane, akwai kishiyar inna a ciki, akwai wan da kuka yi rigimar gado. Naka laifin faɗe shi duka, na wani kuwa ka canza suna da unguwa, abin da zai raba zumunci ka bar shi cikin kaye tukuna.

In ka gama shafi biyu ka aje shi kwana uku, sannan ka karanta wa ƙanwarka ko wani da yake wurin ranar da ƙarfi, inda ta ce "a'a yaya ba haka aka yi ba" ka rubuta nata a ƙasan naka.