Kurakuran da ake yi wajen tsayar da amai

Na gaji da ganin mutane suna garzayawa neman "maganin amai" kafin su tambayi kansu abin da ya kawo shi. Amai alama ce, kuma abubuwan da ke jawo shi suna da yawa: zazzaɓin cizon sauro, gurɓataccen abinci, laulayin ciki, jirin mota, ciwon kai na ɓari ɗaya, har da magunguna irin su metronidazole da tramadol. Wani lokaci kuma toshewar hanji ne ko sanƙarau. Idan aman kore ne shar, ko da jini, ko ya biyo bayan buguwar kai, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, a bar batun ƙwaya a nufi asibiti.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne ba yara maganin amai metoclopramide, wato Maxolon, kamar alewa. 'Yar yayata na cikin waɗanda abin ya faɗa wa. Ta yi amai kaɗan, aka ba ta ƙwayar manya mai miligiram 10, aka sake ba ta da yamma. Cikin dare wuyanta ya murɗe gefe, idanu suka kafe sama, haɓa ta ƙi rufuwa, harshe a waje, tana jin mu amma ta kasa magana. Mun ɗauka farfaɗiya ce. Sai da aka yi mata allura a asibiti jikin ya saki, aka gaya mana maganin ne. Wannan illa sananniya ce, kuma yara da matasa ta fi kamawa. Tun a 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce kada a wuce kwana 5 ana sha, babba kada ya haura miligiram 30 a yini, jaririn da bai kai shekara 1 ba kuwa kada a ba shi sam. To, ku masu miƙa shi ba tare da tambayar shekarun mara lafiya ba, wa ya koya muku haka?

Haka promethazine: ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba, domin yana iya danne numfashi. Barcin da yake sawa kuma sai ya ɓoye cewa yaron na ƙara galabaita.

Na biyu, a hana mai amai ruwa wai don kada ya sake yi. Bushewar jiki ce ke kashe yaro. Ni abin da nake yi, in jira minti 10 bayan aman, sannan in riƙa ba da ruwan gishiri da sukari na ORS cokali ɗaya duk minti ɗaya ko biyu, ko da ana mita. Idan ido ya zurma, fitsari ya ɗauke, ko komai aka ba shi ya dawo, ƙarin ruwa ta jijiya a asibiti yake buƙata.

Sauran a taƙaice. Maganin jirin mota kafin a hau ake sha. Ondansetron, wani maganin amai, na da kyau, amma yana ɗaure ciki, kuma mai ciwon zuciya ya fara tuntuɓar likita. Wanda ya amayar da maganin maleriya cikin rabin awa, a sake ba shi. Mai juna biyu da ba ta iya riƙe ko ruwa, kada a ce mata laulayi ne ta daure, a kai ta a duba ta ranar.